Kajin Jegona

Tun shekaranjiya ake zuba ruwa a Nima ba ƙaƙƙautawa. Babbar kwatar nan da ta raba mu da Mamobi ta cika ta batse, tana ruri tana tafe da robobi da katifun bayin Allah. Ni kuwa ina zaune a bakin ƙofa da kumburarriyar ƙafa, ba shiga ba fita, ga kukan 'yan tsaki yana huda mini kai. Ramatu ce, matar autana, ta sayo su, na agirik irin na gidan gona, cikin kwali daga Kotobabi. Ta ajiye su a baranda, ta rataya musu ƙwan lantarki, tana duba waya tana auna musu magani da cokali sai ka ce likita.

"Mma, sati shida kawai," in ji ta, "za ki ci nama har ki ture."

Na ce Allah ya sa albarka, na juya kujerata ta kalli bango. Ta ɗauka rigimar tsufa ce ta motsa, ta yi dariyarta ta wuce. Gara ta ɗauka haka. Cikin fari gare ta, kuma abin da kukan nan yake tono mini ba labarin da ake ba mai ciki ba ne.

A nan Nima, unguwarmu ta Ankara a ƙasar Gana, aka haife ni, amma iyayena mutanen Dogondutsi ne. Baba gadi yake yi a wani kanti cikin garin Ankara, ya tafi da la'asar ya dawo da hantsi. Inna kuma koko take damawa ta sayar a bakin titi, sannan tana kiwon kaji. A lokacin Nima da sauran ƙasa. Gidan hayar da muke ciki ɗakuna ne a kewaye, tsakiya fili, bayan gida juji da 'yan ciyayi har bakin kwata. Da asuba kowace mace ta buɗe akurkinta, kaji su watsu cikin unguwa su yi tononsu, da magariba kowace ta dawo inda ta kwana. Don kada a yi faɗa kowa da shaidarsa: wata ta ɗinka jan ƙyalle a fiffike, wata baƙi, Inna kuwa shuɗi. Yanzu je ka duba gidan. An gine tsakar gidan da ɗakuna, abin da ya rage an shafe da siminti, kaza in ta yi tono sai dai ta karya farce.

Kajin Inna shazumama ne, masu gashin nan a murɗe a tashe. Munana ne, ba na musu. Anti Dede, 'yar ƙabilar Ga da ke ɗakin da ya kalli namu, mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami da ake naɗewa a ɓawo, kullum sai ta yi musu tsiya da Hausarta ta Zango: "Inna, kaza naka bai taje kai ba yau ma?" Inna takan ce, "Bar su, Dede, ba gasar kyau na kawo su ba." A kwando ta ɗauko kakarsu daga gida, a bayan babbar mota, kuma tun daga nan irin bai yanke ba. Ba su san ciwo ba, ba su san a ba su ba, zafi bai dame su ba. Kuma ba don kasuwa take kiwonsu ba. Al'adarmu ce mace ta koma gidan iyayenta ta yi haihuwar fari, Inna kuma da ta ji 'yarta na da ciki sai ta sa kaza kwanci, ta yi kiwon 'yan tsakin da sunan wannan jegon. Ranar da aka sauka za a fara yankawa, a yi farfesu da masoro da kimba da citta, mai jego ta sha romo da zafinsa don jini ya dawo, nono ya kawo. Haka ta yi wa yayyena biyu, har suna ƙorafin an ishe su da kaza.

Nawa cikin sai ya faɗo a shekarar yunwa. Waɗanda suka gan ta ba sai an faɗa musu wace shekara ce ba. Damina ta zo ta wuce ba ta yi abin kirki ba, rani ya biyo da wutar daji, masara ta ɓace a kasuwa, gero ma haka. Ana cikin wannan aka koro 'yan Gana daga Ikko, kowane ɗaki ya ƙaru da baki biyu uku. Layin dokunu tun asuba ake kafa shi, kuma ba a jira ya dahu, ɗanye ake wawashewa kowa ya je ya dafa abinsa. Inna ta kife tukunyar kokonta. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito fili, 'yan Nima da ba sa rasa abin dariya suka ce ai sarƙa ce aka raba wa kowa kyauta.

Kaji suka fara tafiya. Wasu mu muka ci, ɗaya bayan ɗaya, Inna na kawar da kai. Wasu kuma sun fita da safe ba su dawo ba, shuɗin ƙyalle bai hana kowa ba, sai dai ka ji ƙamshi daga wani ɗaki ka haɗiye miyau ka yi shiru. Kafin cikina ya fito sosai saura kaza guda, wata tsohuwa mai taurin kai. Inna ta tara ƙwan da ta yi kafin a cinye zakaran ƙarshe, guda tara, ta sa ta kwanci a cikin kasko ƙarƙashin gado. Kullum ina kallon ƙwan nan cikina na kuka, amma ko da wasa ban taɓa tambaya ba, na san na jegona ne.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka koro. Bai daɗe da tafiya ba, ya sami aikin shara a wani gidan gona a can, ya dawo da jaka ɗaya da tari. Ɗakinmu na haya ya kuɓuce, shi ya sa na koma gida tun lokacin komawa bai yi ba. Mutum ne mai zuciya, ganin surukai na ciyar da matarsa yana cinsa. Ran nan da la'asar sai ga shi da kwali a ka yana gumi, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya buɗe. 'Yan tsaki ne fal, sun haura ashirin, suna ta tsuwwa. Wani gidan gona ne a bayan gari abinci ya ƙare musu suna neman kai da su, ya yi musu dako ya karɓo a bakin ladansa.

"Inna, na agirik ne," ya ce, kansa a ƙasa. "Da idona na gani a Ikko, wata biyu sun isa yanka, kowace sai an ɗauka da hannu biyu. Na gida sai wata shida ko bakwai, ita kuma saura wata huɗu ta sauka."

Inna ta leƙa kwalin. Ba ta iya musu da suruki baki da baki, sai ta juyo kaina kamar ni na kawo su.

"Memuna, ina uwarsu?"

Na ce, "Inna, inji ne ya ƙyanƙyashe su."

"To me suke ci a can inda ya gan su?"

Shi ya amsa, ya ce akwai abincinsu a buhu, amma ai kaza kaza ce, in an sake su za su yi tono kamar kowa. Allah sarki. Shi shara ya yi, ya ga girmansu, bai taɓa tsayawa ya ga abin da suke lashewa ba.

Lissafinsa kuwa gaskiya ne, abin da ya ɗaure Inna ke nan. Nata ƙwan saura kamar mako su fashe, kuma ko sun fashe, ranar da zan haihu ba su isa yanka ba. Ga kuma waɗannan, in ba su sami ɗumi ba gobe sai dai a kwashe gawa. Wuta ba ta zuwa, kananzir babu, gawayin girki ma da ƙyar. Ɗumi ɗaya ne a gidan, shi ne na ƙarƙashin gado. Kaza kuma in ta ji 'ya'ya a ƙarƙashinta ta tashi daga kan ƙwai ke nan, ba ta komawa. Dole a zaɓi ɗaya. Baba yana ɗaura takalmi zai tafi aiki, ya ce, "Yaron nan ya yi abin kirki, kada a mayar masa da hannu." Shi ke nan magana ta ƙare.

Da magariba, lokacin da idon kaza ya rage gani, Inna ta durƙusa a bakin gado. Ta shafe 'yan tsakin da tokar kaskon don su ɗauki warin uwar, tana zaro ƙwai ɗaya tana cusa tsako biyu uku. Shazumama ta sassare ta a hannu har jini, daga baya ta lafa ta buɗa fukafukai. Amma ƙaramar kaza ce, ba ta iya rufe su duka, waɗanda suka rage waje Inna ta zuba su cikin zanenta ta kwana da su a ƙirji. Ƙwan kuwa ta dafa. Da ta ɓare na farko muka ga tsako cikakke, da baki da ƙafafu. Duk yunwar da muke ji ba wanda ya iya ci. Ta dagargaza su da ludayi ta ba baƙin 'yan tsakin, suka cinye tas. Ta ce, "Irin Dogondutsi ke nan ya tafi," ta wanke hannu, ba ta sake tayar da maganar ba. Bayan 'yan kwanaki maigidana ya bi mota zuwa Kumasi neman aiki, ya bar mu da su.

Daga nan rayuwar gidanmu ta koma kan 'yan tsakin nan. Inna na sallame sallar asuba za ta fita neman gara, irin dabarar gida: a cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife a bakin suri, gobe a zo a tarar gara ta cika ta. A Nima ba suri, sai ta taka har dajin bayan filin jirgi, ta dawo rana ta take, leɓe a bushe. Ƙasa ta ƙone har gara ma ta nutse, wata rana tukunya uku ba su ba da cikin ƙoƙo ba. Ni aikina injin niƙa. Da can dusa da sharar ƙasan inji kyauta ake ba masu kaji, a shekarar nan sai na tarar da mata a durƙushe suna sharewa da tafin hannu don su kai wa 'ya'yansu. Anti Dede takan tara mana ɓawon dokunu da kan kifi in ta samu, ta turo ta ce, "Ba yara naka su ci." Har kyankyasai na dinga kamawa a bayan tukwane, ni da a da in na gan su nake ihu.

Da suka fara fitar da farin gashi Inna ta jiƙa jan rini ta tsoma su ɗaya bayan ɗaya, wai don shirwa ta kasa gane su, don farin tsako a kan juji daga sama ake hango shi. Ta ɗinka musu shuɗin ƙyalle, sannan ta sake su bayan uwar riƙonsu. Nan muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Shazumama ta tona ƙasa ta kira su, su tsaya suna kallonta. Ba su san abinci na fitowa daga ƙasa ba, sai dai duk wanda ya gifta da kwano su ɗunguma bayansa suna kuka. In shirwa ta yi inuwa, uwar ta yi ƙarar nan da kowane tsakon gida ya sani, wadda kan sa su ɓace cikin ciyawa kafin ka ƙifta ido, su kuwa sai su ɗaga kai suna kallon sama. Kai, na ga wauta! Shirwa ta ɗauki rabonta, rini ko ba rini. Hankaka ya ɗauka. Gafiya ta shigo ta ramin kwata ta ja biyu. Wani ya faɗa cikin kaskon ruwa da bai kai tsawon yatsa ba ya mutu a ciki. Sai ya zama dole mutum ya tsaya a kansu, ni ke nan, ciki a gaba sanda a hannu, rana na dukan tsakar kaina, ga warin kwata.

Zafin shekarar nan ban sake ganin irinsa ba. Famfo ya ƙafe, sai an bi dogon layi a Mamobi kafin a sami bokiti guda. Fararen sai su baje a ƙasa, baki buɗe, suna haki. Inna ta jiƙa musu ɓawon maɗaci da barkono a ruwan sha, ta kurɓi ruwa ta fesa musu da baki, duk da haka da safe in an buɗe akurki sai an fitar da ɗaya a sanƙare. Wata biyun da aka yi mana alkawari suka cika, waɗanda suka rage ba su fi tattabara ba, ƙafafu dogaye, ƙirji ƙashi zalla. Kuma duk suka fito da zanko a ka. Inna ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ta duba, ta zauna a kan turmi.

"Memuna, duk zakaru ne. Ko mace ɗaya babu."

Daga baya muka ji cewa gidan gona mazan kajin ƙwai suke zubarwa, waɗanda ba sa ƙiba ko me aka ba su, su aka ba maigidana. Ba na jin ya sani har ya koma ga Allah, ba wanda ya gaya masa.

Mu a lokacin sau ɗaya ake ɗora tukunya, da yamma. Rawayar masarar nan ta taimako, mai wari, ita ake niƙawa a dama koko tsararo ba sukari. Inna takan zuba mini nawa ta tsaya a kaina sai na shanye, ta ɗauki nata ta ce za ta sha a waje, ɗaki ya yi zafi. Ran nan na fito ba ta ji tahowata ba, na same ta tsugune bayan akurki, tana tsamo gudajin ƙasan ƙoƙon da yatsa tana sa musu a baki, ita ruwan saman kawai ta kurɓa.

Na ce, "Inna, don girman Allah! Kashe kanki za ki yi saboda waɗannan banzayen?"

Ta ce, "Rufe mini baki. Ajiya nake miki a jikinsu."

Na koma ɗaki na yi kuka. Wallahi na tsani kajin nan, ji nake in murɗe wuyansu, ga shi kuma kullum da safe ni ce mai fara leƙa akurki gabana na faɗuwa.

Azumi ya shigo ya tarar mun riga shi farawa. Aka yi ta fita roƙon ruwa. Hadari ya haɗu ta wajen teku ya yi baƙi, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, kowa ya fito da bokiti da kwano, sai ya watse. Ya yi mana haka ya fi a ƙirga, shi ya sa ranar da ya zo da gaske ba wanda ya yarda da shi. Inna ta tafi kife tukwanenta da la'asar, ni kuma jiri ya kwashe ni na kwanta, kaji na bayan gida. Ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Kafin in ja jiki in fita, kwata ta cika ta fara haura juji. Kazar gida da ta ji iska ta san ta nemi tudu, shazumama ma ta sani, na hango ta kan wani tsohon bulo tana kiransu. Da 'ya'yanta ne da tuni ta yaye su, waɗannan kuwa ta ga ba su da wayo ta ƙi rabuwa da su. Suna tsaye cikin ruwa sun dunƙule, ba su zo ba. Sai ta sauko ta koma wurinsu ta buɗa fukafukai a kansu, zakarun da sun kusa kai ta tsawo. Ina kallo ruwan ya zo ya kwashe su gaba ɗaya. Ni da Anti Dede muka shiga har gwiwa, tana riƙe da zanena tana zagina da Ga da Hausa, muka tsamo uku. Uwar ko gashinta ba mu gani ba.

Inna ta dawo jiƙe sharkaf, ta dubi ukun da ke karkarwa a bakin murhu, ta ce, "Ita fa?" Na girgiza kai. Unguwa duk ana murna, maza na kabbara a masallaci, mu kuwa muna zaune muna busar da kaji da hayaƙin jiƙaƙƙen itace. Biyu suka kwana suka mutu. Saura ɗaya, wani mai taurin rai.

Ko shigar ruwan nan ce, ko yunwar ce, Allah masani, naƙuda ta zo mini bayan sallah da 'yan kwanaki, cikin bai cika wata tara ba. A ɗakin Inna na haihu, ita da ungozoma. Namiji ne, ɗan mitsitsi, fata a yamutse, amma ya yi kuka da ƙarfinsa, kuma da aka sa shi a ƙirjina ya kama da gaske. Babu komai a ciki. Ya ja ya ja, ya saki ya yi kuka, ya sake kamawa. Ungozoma ta ce a yi haƙuri, na fari yakan yi jinkiri, a ba ta romo da kunun kanwa. Kunun kanwa da wane geron? Aka yi mini wankan ruwan zafi, aka gasa, aka murza, shiru. Madarar gwangwani ko a kanti babu. Wata maƙwabciya mai goyo ta karɓe shi ta ba shi sau biyu, na uku ta zo tana hawaye ta ce nata ma ba ya ƙoshi. Sai ruwan ɗumi da ɗan dabino ake ɗiga masa da cokali.

Tun ranar farko Inna ta kamo zakaran ta kai wa Baba da wuƙa. Baba ya ƙi karɓa.

Ba mugu ba ne Baba, kada a ɗauka haka. Shi ya yi wa yaron huɗuba a kunne da yake uban ba ya nan, ya riƙe sunan a ransa sai ranar bakwai a faɗa wa jama'a, kamar yadda ake yi. Duk jikokinsa ba wanda aka raɗa wa suna ba a zubar da jini ba. Rago ya san ba shi da halinsa, amma a tara liman da mutane a ƙofar gida a tashi ba a yanka ko tsuntsu ba, wannan ya fi ƙarfin fuskarsa.

"A bari ranar suna," ya ce. "Ana yankawa duk nata ne, ba mai taɓa ko ƙafa."

"Malam, yaron ba ya samun komai. Don wannan ranar na yi kiwonsa, ba don liman ba."

"Kwana nawa ne? Kin taɓa ganin wanda romon tsako ɗaya ya raya? Allah ke rayawa."

"Allah ke rayawa, amma ni na ga nonon yayyenta ya kawo a kan romo."

Ban taɓa jin Inna ta mayar wa Baba magana ba sai ranar. Ta sake kai masa washegari, ta sake kai masa. Mace ba ta yanka a wurinmu, kuma ya san tana iya kai wa wani namiji a unguwa in ya ba da baya, sai ya zama in zai tafi gadi ya ɗaure ƙafar zakaran ya saƙale shi a hammata ya tafi da shi, wai saboda ɓarayi. Ina kwance ina jinsu ba ni da bakin magana. Ɗan fari ne, kunya ba ta bar ni in nuna na damu da shi a gaban iyayena ba, sai in sun fita in ɗauke shi in yi ta kallonsa. Kukansa ya yi ta raguwa har ya koma 'yar siririyar tsuwwa irin ta tsakon da ya kwana a sanyi. Ita ce ba na iya ji har yau.

Ana gobe suna, da hantsi, Baba bai daɗe da dawowa ba, na sa shi a nono ya ƙi kamawa. Inna ta karɓe shi ta duba, ta rufe shi da gefen zanenta, ta ce, "Memuna, sai haƙuri." Kafin azahar maza sun kai shi. Baba ne ya ɗauke shi a hannu, cikin ɗan farin ƙyalle da bai kai ɗankwali ba. Sunan da ya yi masa huɗuba da shi ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba har ya bar duniya.

Da suka dawo daga maƙabarta bai shiga ɗaki ba. Ya kwance zakaran daga jikin turmi, ya kai shi bakin kwata ya yanka, ya ajiye wa Inna a bakin murhu, ya wanke wuƙa, ya zauna a kan buzunsa ya fuskanci gabas. Inna ta fige. Ta fito da ƙullin masoro da kimba da citta da ta ɓoye tun watanni, ta daka, ƙamshi ya cika gidan da mutane ke zaman makoki da yunwa a cikinsu. Ta kawo mini kwanon har gado. Na rantse ba zan ci ba. Ta ce, "Don ke aka wahala. Ki ci, kada ya tashi a banza." Ta zauna ta tsare ni. Na kurɓi romon don ta ƙyale ni, sai na kasa ajiye kwanon. Na cinye tas, na tauna ƙasusuwan, ina ci hawaye na zuba a ciki.

Washegari, ranar da za a yi suna, sanyi ne ya tashe ni, na ji zanena a jiƙe har tabarma. Na ɗauka rufin ne ke yoyo, don an kwana ana ruwa. Da na tashi zaune sai na ji ƙirjina ya yi nauyi ya yi tauri, yana zuba da kansa ta duka biyun. Har yau ban sani ba ko romon ne, ko kuwa dama ranar ce lokacinsa. Na kira Inna. Ta zo ta tsaya ta duba, ta fita ta ɗauko ɗan ƙoƙo. Ta durƙusa ta tatse ni a hankali don zafin ya ragu, ƙoƙon ya cika har baki, fari, da ɗuminsa. Ta miƙe ta fita da shi, ina hangenta ta ƙofa. Ta nufi kwata ta tsaya, ta juyo ta nufi gindin katanga ta tsaya, ta dawo tsakiyar fili cikin yayyafi da ƙoƙon a hannu biyu, ta rasa inda za ta zubar.